Yaji ba mai biko: ma'aikatan Air Afrique da masu kamfanin, 1961-2002

Duk ɗan Nijar da ya yi tafiya ta sama daga Yamai zuwa Abijan, ko Dakar, ko Paris, kafin shekara ta 2002, da wuya a ce bai shiga jirgin Air Afrique ba. Alhazanmu da yawa ma shi ya kai su Jidda. Wanda kuma ya saba da kamfanin a shekarunsa na ƙarshe ya san zaman jira a filin jirgi, ana cewa jirgi na tafe, daga baya a ji ƙishin-ƙishin cewa ma'aikata ne suka aje aiki a Abijan. Da kamfanin ya mutu, bayani iri biyu suka fi yawo a bakin mutane. Wasu suka ce sandika ce ta kashe shi da yawan yaji. Wasu suka ce Faransa ce ta shaƙe shi domin Air France ta gaji hanyoyinsa. Kowane ɓangare na da ɗan abin kamawa. Mu dai a wannan takarda wani gefen muke son dubawa, watau yadda zaman shawara ya kasance tsakanin ma'aikata da masu kamfanin, da kuma dalilin da ya sa wannan zama bai cika haifar da yarjejeniya mai ɗorewa ba.

Ya kamata mu faɗa tun farko cewa ta ƙofar harshe muka shigo wannan magana, muna cikin bibiyar kalmomin da Hausa ta samar wa harkar ƙwadago. Saboda hakanan da kalmomin za mu fara.

Yaji, biko, yarjejeniya

Kalmar Faransanci grève asalinta sunan wuri ne, wani fili a bakin kogin Seine cikin Paris inda marasa aiki kan taru suna jiran mai ɗauka. Hoton da ke cikinta na kasuwa ne: ga mai sayar da ƙarfinsa, ga mai saye. Da Bahaushe ya tashi raɗa wa abin suna, cikin gida ya shiga ya ɗauko kalma. Yaji shi ne mace ta yi fushi ta tafi gidan iyayenta alhali aure bai mutu ba. Ta tafi ne domin a biyo ta. Miji zai aika manya, ko ya je da kansa, a saurari kukanta, a gindaya sharuɗɗa, ta komo ɗakinta. Wannan shi ne biko. Ke nan kalmar yajin aiki ta ɗauko abubuwa uku tare da ita: akwai maigida sananne wanda aka yi wa yajin, akwai manya da maganarsu ke ɗaure kowa, akwai kuma gidan da za a koma.

Kalmar yarjejeniya ita ma ginin jikinta na da abin cewa. Daga yarda ta fito, bisa ƙirar da ta ba mu turereniya da rigegeniya, ƙirar da ba ta yiwuwa sai da ɓangare biyu suna yi wa juna abu guda. Ita muke amfani da ita wajen fassara convention collective, watau takardar da ke tsara albashi da lokutan aiki da hutu da hanyar sallama tsakanin kamfani da ƙungiyar ma'aikatansa.

Yajin da aka fi tunawa da shi a Afirka ta Yamma ta Faransa ya cika waɗannan sharuɗɗa. Daga 10 ga Oktoba 1947 zuwa 19 ga Maris 1948, ma'aikatan jirgin ƙasa wajen 20,000 suka aje aiki suna neman tsarin aiki ɗaya tsakanin Bature da baƙar fata. Sun sha wuya ƙwarai, amma sun san wanda suke yi wa yajin: hukumar jirgin ƙasa guda ce, gwamnatin da ke bayanta guda ce, kuma da sabon babban kwamishina Paul Béchard ya iso Dakar aka zauna aka sasanta. Shekaru kaɗan bayan haka, a Disamba 1952, aka kafa dokar ƙwadago ta ƙasashen da Faransa ke mulka. Mun kawo wannan ne domin ya zame mana ma'auni.

Gida ɗaya, masu gida 11

An sa hannu kan yarjejeniyar kafa Air Afrique a Yawunde ranar 28 ga Maris 1961. Ƙasashe 11 ne suka sa hannu: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Kodibuwar, Dahome, Gabon, Haute-Volta, Muritaniya, Nijar, Sanigal da Cadi. Kowace ta ɗauki kashi 6 cikin 100 na jari, watau kashi 66 a haɗe, sauran 34 kuma na kamfanonin Faransa ne, Air France da UAT, wadda ta zama UTA a 1963. Togo ta shigo a 1968, Kamaru ta fita a 1971, Gabon ta bi ta bayan ƴan shekaru, Mali ta shigo a 1992. Hikimar abin a fili take. Ƙasa kamar tamu, wadda ba ta da bakin teku, ba ta kuma da kuɗɗin sayen jirgi mai tsallaka hamada da teku, ta samu hanyar Paris da ta Abijan da jarin da ba zai isa ya kafa mata nata kamfani ba.

Sai dai abin da ya zama riba ga fasinja ya zama ƙulli ga mai shawara. Yarjejeniyar Yawunde ta ba kamfanin zama ɗan ƙasa a kowace ƙasa cikin masu shi, babban ofishinsa kuwa na Abijan, kuma jiragensa lambar Kodibuwar suke ɗauke da ita. Ma'aikacin da ke Yamai yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta Nijar, na Dakar ta Sanigal, na Paris ta Faransa. Manyan muƙamai ana raba su ne da la'akari da ƙasa, kowace gwamnati na sa ido kan rabonta. Bisa shugaban kamfani akwai majalisar ministocin sufuri, bisa ministoci akwai shugabannin ƙasa, waɗanda kan ɗauki watanni ba su haɗu ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne masu kamfanin su ne manyan masu cin bashinsa. Gwamnatoci kan ɗauki tikiti wa jami'ansu da ɗalibansu da tawagoginsu, biya ya zo a makare ko ya ƙi zuwa. Su ne kuma ke tilasta masa sauka a garuruwan da ba riba, domin kowane babban birni na son jirginsa na Paris. To, idan darakta ya zauna da sandika ya ce ba kuɗɗi, a rage albashi, amsar a shirye take: ku fara karɓo bashinku wajen masu kamfanin. Darakta ba shi da ikon tilasta wa shugaban ƙasa ya biya, shugaban ƙasar kuwa ba ya wurin zaman. Mai sa hannu daban, mai iko daban.

Satumba 1984

Kafin mu shiga labarin wannan yaji, ya dace mu bayyana abin da ya sa yajin matuƙa jirgi ya fi na sauran ma'aikata kaifi. Kujerar jirgi ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Jirgin da bai tashi yau ba, kuɗɗin kujerunsa na yau sun tafi ke nan, alhali bashin sayensa da inshorarsa ba su tsaya ba. Sannan matuƙi ba a maye gurbinsa da dare ɗaya, domin kowane samfurin jirgi na da takardar ƙwarewa tasa. Wanda ya iya DC-8 sai ya sake horo kafin ya hau DC-10. Ko sanarwar yaji kaɗai, préavis, hasara ce ga kamfani, domin fasinja da ya ji ta sai ya sayi tikitin wani. Shi ya sa a kamfanonin jiragen sama galibi barazanar ce ke yin aikin, a sasanta kafin wa'adi ya cika.

A farkon shekarun 1980 Air Afrique na cikin matsi. Man jirgi ya yi tsada tun 1979, dala ta hau, bashin gwamnatoci ya taru. Shugaban kamfanin a lokacin Aoussou Koffi ne, ɗan Kodibuwar, wanda ya gaji Cheikh Fall ɗan Sanigal a 1973. Ya nufi rage kuɗɗin da ake kashewa kan matuƙa da injiniyoyin cikin jirgi, waɗanda albashinsu da ƙa'idojin aikinsu aka gina bisa tsarin kamfanonin Faransa tun kafuwar kamfanin, kuma akwai Faransawa da yawa cikinsu. Shawara ba ta yi nisa ba. A watan Satumba 1984 suka shiga yaji, ƙungiyar matuƙa ta Faransa, SNPL, na bayansu.

Kamfanin bai yi biko ba. Kotun ƙwadago ta Abijan ya nufa yana neman a warware kwantaragin masu yajin, kotun kuma ta ba shi gaskiya. Jiragen kuwa ya samo musu wasu matuƙa, har daga Yugoslabiya, ƙasar da kamfaninta ke da DC-10 kuma ba ta cikin hannun sandikar Faransa. Da haka aka karya makamin da muka bayyana a sama.

Masu yajin suka kai ƙara kotunan Faransa, kuma a nan ne batun ya koma kan tambaya guda: dokar wace ƙasa ce ke bisa kwantaragin mutumin da wurin aikinsa sararin sama ne? Amsar ba ƙaramin bambanci take kawowa ba. A Faransa ƴancin yaji na cikin gabatarwar tsarin mulkin 1946, kuma tun dokar 11 ga Fabrairu 1950 yaji ba ya kashe kwantaragi, dakatar da shi kawai yake yi, sai fa in ma'aikaci ya aikata babban laifi. Da harshenmu sai mu ce dokar Faransa ta yarda cewa yaji ba saki ba ne. A Kodibuwar ta wancan zamani, mai jam'iyya ɗaya da babbar ƙungiyar ƙwadago ɗaya, UGTCI, wadda ke tafiya da gwamnati, doka ta shimfiɗa matakan sulhu da sasantawa da sai an bi su kafin yaji ya halatta, wanda ya tsallake su kuwa ya ba mai aiki hujjar rabuwa da shi. Ranar 28 ga Fabrairu 1986 kotun ƙoli ta Faransa, Cour de cassation, ta yanke cewa dokar Kodibuwar ce ke bisa kwantaragin matuƙan. Hukuncin ya shahara har ɗaliban shari'a na karanta shi a darasin saɓanin dokokin ƙasashe.

Yaya za mu auna wannan al'amari? Da wuya malamin makaranta a Tawa ko ma'aikacin gidan waya a Damagaram ya zubar da hawaye domin matuƙin jirgi, ganin tazarar da ke tsakanin albashinsu. Akwai ma juyin tarihi a ciki: a 1947 ƴan Afirka ne suka yi yaji domin a daidaita su da ma'aunin Faransa, a 1984 kuwa kamfanin ƴan Afirka ne ke cewa ma'aunin Faransa ya fi ƙarfin aljihunsa. Ta wannan fuska Koffi na da hujja, kuma ba mu ga laifin waɗanda suka ɗauki abin a matsayin nuna ƴancin kai ba. Amma a ganinmu an ci wannan nasara da tsada. Sauran ma'aikata, masu tikiti da masu ɗaukar kaya da makanikai, sun ga cewa ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a kamfanin an share ta ba tare da an zauna da ita ba. Darasin da mai hankali zai ɗauka shi ne takarda ba ta tsare kowa, abin da ke tsare mutum shi ne ministan ƙasarsu. Daga nan shawara ta ƙara ƙaura daga ofishin kamfani zuwa fadojin gwamnati, inda kowace ƙasa ke kare nata mutane. Kuma tsimin da aka yi bai ceci kamfanin ba: Koffi ya sauka a 1985, Auxence Ickonga ɗan Kongo ya hau, giɓin kuɗɗi ya ci gaba da faɗaɗa.

Babba ɗaya, da abin da ya biyo bayansa

Ba gaskiya ba ne a ce gidan bai taɓa samun babba ba. Félix Houphouët-Boigny ne babban. Shi takwarorinsa suka danƙa wa neman mafita a ƙarshen shekarun 1980, shi kuma ya juya wajen Paris. Faransa ta zuba sefa miliyar 37, ta kuma kawo Yves Roland-Billecart, tsohon shugaban asusun Caisse centrale, wanda ya karɓi kamfanin a 1989 da cikakken iko. Ya sallami ma'aikata wajen 1,600 cikin kimanin 5,600, ya matsa wa gwamnatoci su biya tikiti, ya sa aka taƙaita saukar kamfanonin waje. Na ɗan lokaci lissafi ya daidaita. Abin lura a nan shi ne wannan gyara ba da yardar sandika aka yi shi ba, da nauyin mutum ɗaya aka yi shi.

Sai abubuwa uku suka sauya kusan a jere. Daga 1990 jam'iyya ɗaya ta fara rushewa a ƙasashen masu kamfanin, ƙungiyoyin ƙwadago suka fita daga inuwar gwamnati. Mu a Nijar mun san rawar da USTN ta taka tun bayan 9 ga Fabrairu 1990 har zuwa taron ƙasa na 1991. Sandikar da Roland-Billecart ya fuskanta bayan nan ba irin wadda Koffi ya sani ba ce. Ranar 7 ga Disamba 1993 Houphouët ya rasu. Mako biyar bayan haka, a 12 ga Janairu 1994, aka karya darajar sefa da rabi, daga 50 zuwa 100 a kan faran ɗaya na Faransa. Kamfanin ya riga ya ci bashin kuɗɗin waje ya sayi jiragen Airbus A310. Bashin ya ninka in an auna shi da sefa, fasinjan da ke biya da sefa kuwa ƙarfinsa ya ragu. Ma'aikaci shi ma albashinsa ya zube a kasuwa. Kowa na da gaskiyar kuka, ga shi wanda ke iya tsawatawa ba ya nan.

Shekarun ƙarshe na Roland-Billecart cikin rigima da ƙungiyoyin ma'aikata suka wuce. Bayansa shugabanni huɗu suka hau cikin shekara biyar: Harry Tirvengadum ɗan Moris a 1997, Pape Sow Thiam ɗan Sanigal a 1999, Jeffrey Erickson Ba'amurke, tsohon shugaban TWA, a Janairu 2001 da goyon bayan Bankin Duniya, sai Marcel Kodjo a ƙarshen shekarar. A Yuli 1998 masu bin bashi suka ƙwace A310 guda 4. Duk alkawarin da sandika ta karɓa, daga hannun mutumin da bai daɗe a kujera ba ta karɓe shi. Duk sadaukarwar da aka nema wajenta, ba mai iya ba ta tabbacin cewa ita ce ta ƙarshe.

Ba mu wanke ƙungiyoyin ba. A 2001 kamfanin na da ma'aikata fiye da 4,000 a kan jiragen da ba su kai 10 ba, da bashin da ya haura sefa miliyar 300. Ba lissafin da zai ɗauki wannan, kuma shugabannin sandika sun sani. Tikitin rangwame na ma'aikata da iyalansu ya zama abin magana a ko'ina, kuma kowane yaji fasinja yake kora zuwa Air France. Da Erickson ya zo da shirin rage kusan rabin ma'aikata, haɗakar ƙungiyoyin, intersyndicale, ta tsaya kan cewa ba wanda zai tafi sai an biya shi haƙƙinsa tukuna. Ana iya kiran wannan taurin kai. Amma mutumin da ya ga 1984, ya ga 1989, ya kuma san cewa masu kamfanin ba su biya tikitinsu ba, me zai sa ya yarda da alkawarin biya daga baya? Yawan ma'aikatan ma ba sandika ce ta ɗauke su aiki ba.

Masu gidan kuwa sun riga sun fara gina ɗakuna a waje. Shawarar Yamusukuro ta 1999 ta buɗe sararin Afirka ga gasa. A Fabrairu 2001 Air Sénégal International ta fara tashi tare da Royal Air Maroc, watau ɗaya daga cikin manyan masu Air Afrique ta zama kishiyarta. A watan Agusta na shekarar shugabannin suka haɗu a Barazabil suka amince da kafa sabuwar Air Afrique wadda Air France za ta riƙe kashi 35, amma batun wanda zai biya bashi da haƙƙin waɗanda za a sallama bai warware ba. Harin 11 ga Satumba 2001 ya ƙara dagula kasuwar jiragen sama, masu ba da hayar jirage suka yi ta janye nasu. A ƙarshe ma'aikatan Abijan, da suka rasa wanda za su riƙe, sai suka riƙe Erickson, suka hana shi hawa jirgi ya bar ƙasar, alhali shi ma ɗan aike ne.

Jiragen suka daina tashi a Janairu 2002. Ranar 7 ga Fabrairu kamfanin ya bayyana cewa ya kasa biyan bashinsa, kotun Abijan kuma ta ba da umarnin rushe shi ranar 25 ga Afrilu 2002. Sabuwar Air Afrique ba ta taɓa tashi ba. Batun haƙƙin ma'aikata aka mayar da shi ga ƙasashe, kowace ta ji da nata. A garuruwa da dama an jingina biyan ga kuɗɗin hidimar jirage a ƙasa, watau sauke kaya da karɓar fasinja, sana'ar da a da Air Afrique ce ke riƙe da ita a filayen jiragen ƙasashenta. Ƙungiyar da ta yi magana da murya ɗaya a Abijan ta rabu gida 11, kowane gungu na bin ma'aikatar sufurin ƙasarsa da takardunsa, wasu aka biya su da wuri, wasu suka shekara fiye da 10 suna bi.